Waƙar da Na Fitar Ɗanya

Ranar Laraba ce, kwana tara bayan Babbar Sallah, a ɗaya daga shekarun nan da Nasara ke yaƙinsu can ƙasarsu, mu kuma ana kwasar hatsinmu a nan. Hantsi ya fara zafi, ina tsaye bakin rijiyar Dakoro da tuluna da gammona ina jiran a zo kaina. San wani Bafillace yana jan wasaki, babban gugan fata, igiya tana kuka a jikin icen bakin rijiya, mata suna ta hayaniyarsu ta kullum. Sai na ji hayaniyar ta ɗauke. Na waiga na ga kowa ya zuba ido kudu. Doki ne ja yana saukowa daga tudu, bisansa mutum mai jar hula, bulala a hannu, ga igiya naɗe a jikin sirdi. Ba wanda ya tambayi ko wane ne. Gardi Bawa ne, dogarin Nasara, wanda ya share mana rumbuna da kaka, kuma duk yaron garin ya san ba ya zuwa da igiya ya koma da ita haka nan.

Bai ko sauka ba ya sa aka kira maigari, ya ce a tara masa duk yarinyar da ta isa ɗaukar tulu a gindin gawon kasuwa. Aka tara mu kamar awaki, iyayenmu suka tsaya nesa kaɗan, ba mai tari. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Akwai waƙar da kuke yi da sunana. Ta kai kunnen kumandan. Wa yak koya maku ita?" Shekarata tara a lokacin, sunana Kande, kuma a cikin 'yan matan nan ni kaɗai na san inda waƙar ta fito. Na kuma san wuyan da igiyar sirdin nan za ta hau in na buɗe baki. 

Mai waƙar shi ne Kaka Arzika, ƙanen kakana na wajen uba. Wanda ya san Dakoro ta yau ba zai gane ta wancan lokaci ba, don 'yan bukkoki ne da darni na kara, da rijiya, da kasuwar da Buzaye da Fulani ke kawo dabbobi. Bariki, inda kumandan, Baturen mulki, yake zaune, na can kudu, tafiyar kwanaki. Duk da ƙanƙantar garin, Kaka Arzika ya ga ya yi masa yawa, ya je ya kafa bukkarsa shi kaɗai bayan gonaki, kusa da wata magariya. Da ƙuruciyarsa ginin rijiya ne sana'arsa, da yasar tsofaffi, ya yi ta har wajen Azagor da Tagriss. Matarsa ta rasu tun kafin a haife ni, bai sake aure ba, bai kuma bar ɗa ba. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma tufkar igiya da kaba. Waƙa kuwa ba ya kiɗa, ba ya roƙo, ba ya bin biki. Sau ɗaya ko biyu a shekara zai zo gindin gawo bayan la'asar ya rera sabuwa, maza su yi shiru su saurara, ya tashi ya koma abinsa ko goro bai karɓa ba. Mutane suna girmama shi, suna kuma jin tsoronsa, don an ce da aljannu yake hira.

Ni ce 'ya mace ta farko bayan maza uku, don haka duk aikin da ya rasa mai yi a gidanmu kaina yake faɗowa. In na dawo daga rijiya in yi surfe, in kai awaki bakin gari, in tsinto kara da kashin shanu na wuta, in goyi ƙanena mai nauyi kamar turmi. Ban ƙi ko ɗaya ba irin kai wa Kaka Arzika fura da rana. Dalili kuwa, bayan bukkarsa akwai tsohuwar rijiya da ya fara ginawa ya tarar da dutse ya bari, zurfinta bai fi gaba huɗu ba, ba ruwa ciki ko ɗigo. Daga cikinta ake jin murya. 'Yan uwana maza sun rantse mini cewa wani baƙin aljani ne mai kofato yake zaune ciki, kuma 'yan mata masu surutu ya fi so. Da yake na san halina, sai in ajiye ƙwaryar a ƙofar bukka in ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Wata rana akuyarmu ta ɓalle ta nufi wajen, na bi ta, don dukan Inna tabbas ne, aljani kuwa ji nake yi. Na kama ta dab da bakin ramin, sai muryar ta taso daga ƙasa. Na daskare. Da na saurara sai na ji ba magana ce ta aljannu ba, Hausa ce, baiti guda ake ta maimaitawa, a canza kalma a sake, a yi tsaki a sake. Na kwanta rub da ciki na leƙa. Kaka Arzika ne zaune a ƙasan rijiyar bisa buzu, ya jingina da bango, igiya a cinyarsa. Ya ɗago kai ya ga kaina ya tare masa haske, ya ce, "Amarya, yau ke da kanki kika zo biko?" Haka yake ce mini, amarya, irin wasan kaka da jika. Na ce masa ni ba na auren tsoho mai kwana a rami. Ya yi dariya har da tari, ya hau ta wasu 'yan ramuka da ya sassara a bango, ya fito yana kakkaɓe rairayi.

Tun daga ranar na daina gudu. In na kawo fura sai in zauna a inuwar magariya ina cin 'ya'yanta, shi yana tufka. A nan na gane yadda yake aikinsa. Bai iya rubutu ba, don haka kowace waƙa da igiyarta. In baiti ya zauna masa yadda yake so sai ya yi ƙulli ɗaya. In waƙa ta ƙare sai ya ƙulle bakin igiyar ya bar mata tuntu. A cikin bukkarsa igiyoyi ne rataye a jikin tanka, masu tuntu a dama, marasa tuntu a hagu, kuma in ya shafa kowane ƙulli da yatsa baitin yana zuwa masa. Akwai wadda ta yi damina uku a hagu. Na tambaye shi me ya sa ba ya rera su, tunda ni dai na ji suna da daɗi. Ya ce, "Waƙa ruwan sabuwar rijiya ta. In kin ɗiba da wuri, laka za ki ba mutane."

Na kuma tambaye shi abin da ya fi damuna, wato me mutum mai hankali ke nema a cikin rami alhali ga inuwa a sama. Ya amsa yana murza kaba a cinya. "Ba gudun mutane nike ba, amarya. A bisa, kowa shina son in hwaɗi abin da kunnenshi ke so, ni ma sai in ji ina son in ba shi. A ƙasa ba kowa sai bango. In na yi ƙarya, bango shina maido min da ita, in ji ta da kunnena." Ban gane ba a lokacin, na ɗauka rikicin tsufa ne. Wata rana kuma da na yi masa gorin cewa ba shi da ko akuya, ya ce ya gina rijiyoyin da ba ko ɗaya mai sunansa, ana sha, dabbobi na sha, wannan ya ishe shi. Ya faɗe ta yana shan fura, ba da wata murya ta wa'azi ba.

Da kakar shekarar nan gero ya yi kyau, mun ɗaure dammuna mun cika rumbu biyu, har Inna ta fara zancen saya mini zane. Sai ga gardi Bawa da raƙuma da buhunan fata, ya ce an aiko shi karɓar hatsi. Yana da wata tiya tasa ta awo da ta fi kowace tiya a kasuwa girma, in ya cika ta sai ya danna da tafin hannu ya ƙara. Ya shiga gida gida. Maƙwabcinmu Nomau ya ce a bar masa ko iri, Bawa ya zuba masa bulala a gaban 'ya'yansa har rigarsa ta yage. Ina leƙe ta kafar darni, na ga babban mutum yana kare fuska da hannu kamar yaro. Da suka tafi, babana ya leƙa rumbu ya fito, da yamma Inna ta ce mu shirya, bana da wuri za a fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. Na tsani Bawa, na kuma ji tsoronsa irin wanda ban taɓa ji wa mutum ba. Ko kukan doki na ji daga nesa sai gabana ya faɗi.

Bayan kwana kaɗan na kawo fura, wadda yanzu ruwa ya fi gari yawa a cikinta, na tarar Kaka yana ƙasa. Na kwanta a bakin ramin yadda na saba, na ji yana cewa:

"Bawa yaz zo da jar hula,
Tiyarshi ba gindi, ba ta cika,
Ya share rumbu har ƙasa,
Ɓera ya leƙa ya koma da kuka."

Wani daɗi ya kama ni har na yi dariya da ƙarfi. Abin da ke cikin kowa ne, an sa shi a layi huɗu. Kaka ya fito da sabuwar igiya mai ƙulli ɗaya, ya dube ni ba wasa a fuskarsa, ya ce wannan ba ta fita, ba a gama ta ba. Ya ce, "Hushi shi ka fara waƙa, amma ba shi ka gama ta ba. Igiyar da ba a ƙulle bakinta ba, ba a jan ruwa da ita." Na ce to. Na ma rantse masa, Allah Ya yafe mini.

Kwana shida rantsuwar ta yi. An yi suna a gidan maƙera, da la'asar 'yan mata muka kafa gaɗa a fili. Akwai wata Delu, sa'ata, wadda kullum ita ke kawo sabuwar waƙa, don yayarta na aure a garin Mai Yara tana kwaso mata. Ranar ta shiga tsakiya tana yanga, ta kalle ni ta ce wasu sai tafi suka iya. Rawar kai ta ɗebe ni. Na faɗa tsakiya na saki baitin Kaka, na ƙara masa amshi nawa, "Ayye Bawa, jar hula." Fili ya ɗauka. Manyan mata suka bar tukwane suka zo suna guɗa, wata tsohuwa ta ɗaga hannuna sama. Da aka tambaye ni inda na samo, na ce a bakin rijiya na ji. Ban taɓa jin girma irin na yammacin nan ba, kuma ban yi tunanin komai ba sai yadda fuskar Delu ta yi.

Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa biyu waƙar ta shiga turmi, kowace mai daka da ita take saukar da taɓarya. Makiyaya suka ɗauke ta a bakin rijiya suka yi arewa da ita, fatake suka yi kudu. Na daina zama a gindin magariya, na koma ajiye fura in gudu kamar da, sai dai yanzu ba aljani nake gudu ba. Kaka bai ce mini uffan ba. Abin da na lura da shi kawai, shi da ba ya son kasuwa ya zama ba ya fashin ta, yana zama wajen fataken kudu yana yi musu tambayoyi ƙasa ƙasa. Na ɗauka hanyar gudu yake nema.

To, ga mu a gindin gawo, ga Bawa bisa doki. Ya nuna wata da bulala, ta ce wajen wance ta ji. Wance ta ce wajen Delu. Delu tana kuka ta ce Kande ce ta fara a gidan maƙera. Ban ga laifinta ba ko a lokacin. Bawa ya sauko, ya tsaya gabana, ina ganin takalmansa da ƙurar da ke kansu, ina jin warin doki da taba. Ya ce yarinya kamar wannan ba ta ƙaga irin wannan magana, babba ne ya sa mata a baki. Ya tambaye ni wane ne. Ya sake tambaya, na yi shiru, fitsari yana bin ƙafata, kowa yana gani. Sai ya juya ya ce, "Ina uban wagga ɗiya?" Babana ya fito daga cikin mutane. Bawa ya kwance igiyar sirdi ya ce tunda a gidansa waƙar ta kwana, shi zai tafi kaso ya yi wa kumandan bayani. Na ga babana ya miƙa hannuwansa biyu ba gardama, na ga Inna ta toshe baki da gefen zane, ƙanena a bayanta. Mun san waɗanda aka kai kaso, mun san yadda suke dawowa, in sun dawo. Gida ba hatsi, ga shi za a ɗauke mai nemowa.

Ban yi magana ba. Hannuna ne ya tashi, yatsana ya nuna bayan gonaki, wajen magariya. Na sha gaya wa kaina cewa hannun ne ya yi da kansa, amma ƙarya ce, ni na ɗaga shi. Mutane suka yi wani irin nishi gaba ɗaya, don kowa ya san wanda ke can. Bawa ya kama wuyan hannuna ya ce in wuce gaba. Muka ratsa gonaki, karan gero yana sukar ƙafata, dokinsa na biye, gari duka na biye daga nesa. Tun kafin mu isa muka ji muryar tana fitowa daga ƙasa. Na ji hannun Bawa ya ƙara matse nawa, ashe shi ma an ba shi labarin aljani.

Kaka Arzika ya fito a hankali, rami bayan rami, igiya a wuyansa. Ya dubi Bawa, ya dubi taron, ya dube ni da zanena jiƙe. Ya ce, "Sake ta, samari. Waƙa tawa ta, ni na yi ta." Bawa ya sake ni. Kaka ya ɗaga igiyar, yanzu ƙulli shida gare ta, ya ce, "Amma ɗanya ka ji. Ƙulli guda anka kai maka. In za ka ɗaure ni, ɗaure ni kan abin da na hwaɗi duka." Bai jira izini ba, ya kama ƙulli na farko ya rera shi a gaban mai shi, da tiya da ɓera, bai rage komai ba. Na rufe ido ina jiran ƙarar bulala. Sai ya wuce na biyu da na uku. Ya ambaci wani ƙauye can kudu, da tsamiyar da ke ƙofar wani gida, da ranar da aka zo neman samari za a kai soja, aka ɓoye ɗan mai hali aka miƙa ɗan wata gwauruwa. Abin da ya yi ta tambayar fatake ke nan. Wanda na riƙe sosai shi ne wannan:

"Bawa ɗan wata na, tana can tana daka,
An ɗauke mata shi bai iya hauya ba,
Wanda anka ja da igiya,
Yau shi anka ba ta shi ja na baya."

Da na buɗe ido, bulalar tana rataye a hannun Bawa, bakinta a ƙasa. Fuskarsa ban iya fassara ta ba, kuma ba zan ƙaga ba yanzu.  Sannan ya ce da murya ƙasa, "Baba, an ce in zo da mutum. In ban kai ka ba, ni za a sa." Kaka ya ce ya sani, ai abin da ya gama faɗa ke nan. Ya cire igiyar waƙar daga wuyansa ya rataya mini a nawa, ya ce in ajiye masa a hagu, ba a gama ba. Ya miƙa hannu aka ɗaure shi. Suka kama hanyar kudu, tsoho a ƙasa, gardi a bisa. Na bi su a guje har kan tudun ƙarshe, na ɓuya bayan sabara. Da suka yi nisa da idon gari, na ga Bawa ya sauka, ya ɗora Kaka kan dokin, shi ya kama linzami yana tafiya a ƙasa. Ban gaya wa kowa ba sai bayan shekaru, don ba wanda zai yarda.

Wata huɗu Kaka ya yi a kaso. Ba wanda ya doke ni, kuma da an doke ni da ya fi mini sauƙi. Babana bai taɓa tayar da zancen ba. Mata a rijiya sukan yi shiru in na iso, na daina zuwa gaɗa, Delu ta ci filinta ita kaɗai. Muka ci anza, muka ci ganye, bazara ta shigo da zafinta. Duk wanda ya fito daga kudu sai in tsaya nesa ina karanta bakinsa, ina jiran in ji an ce tsohon ya rasu. Kullum da rana nakan je bukkarsa in share, in kori gara daga jikin igiyoyin, in tsaya nesa da ramin. Yanzu da ba kowa ciki na fi jin tsoronsa.

Ya dawo bisa jakin wani bafatake, ya rame har ba a gane shi sai ta murya, ƙafafunsa sun kumbura, yana tari mai zurfi. Gari ya je gaishe shi, ni na ɓuya bayan rumbu. Kwana uku ina ƙin kai fura, ina cewa cikina ke ciwo, sai Inna ta ɗora mini ƙwaryar a ka ta ce in ban je ba ita za ta kai ni da kunne. Tafiyar nan ta fi mini ta ranar Bawa tsawo. Na same shi kwance a inuwar magariya. Ya ce, "Amarya, yajin naki ya daɗe." Na durƙusa na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in ɗauko igiyar. Ya ce ya samo baitin ƙarshe a kaso, amma can ba a rasa mutane, ko da yaushe da mai nishi kusa da kai, bai sami inda zai gwada shi ba. Ƙafafunsa kuma ba za su sake sauka rami ba. Ni zan sauka in faɗe shi da ƙarfi, in ji ko bango zai maido.

Na ce ina tsoro. Ya ce shi ma kullum da tsoro yake sauka, shekara arba'in, wanda ya daina jin tsoron rijiya shi take ci. Ya faɗa mini baitin a kunne sau biyu, na riƙe kalmomin ba tare da na tsaya kan ma'anarsu ba, don hankalina na kan ramin. Na juya baya na fara sauka, yatsun ƙafata suna laluben ramukan da aka sassara don ƙafar babba. Rairayi yana zubo mini a ka. Da na taka ƙasa sai na ji sanyi, da warin tsohuwar ƙasa, da shiru irin wanda ban taɓa sani ba. Babu kukan akuya, babu taɓarya, babu idon kowa. Na ɗaga kai na ga sama ta zama kamar faifai. Buzunsa na nan inda ya bar shi. Na zauna a kai, na buɗe baki:

"Yarinyar da tan nuna ni da yatsa,
Uba ta fansa, ba kaka ta sayar ba,
Da ni na tsaye a gurbinta,
Da yatsan nan ni ma zan ɗaga."

Sai da muryata ta zagaya bangon ta dawo kunnena na ji abin da na faɗa.  Can na ji shi daga sama, ya jawo jiki zuwa bakin ramin, yana tambaya, "To, amarya? Akwai ƙarya ciki?" Na ce babu. Ya ce in sake saurarawa da kyau, kada in ce babu don ina so. Na sake rerawa, na saurara, na ce babu, Kaka. Da na fito na tarar ya yi ƙulli na bakwai, yana ƙulle bakin igiyar yana tsefe mata tuntu. Bai kai ga rera ta a gindin gawo ba. Ya rasu da ruwan farko, ranar da muka fita shuka da ɗan irin da aka samu.

Yau na haura tamanin. Dakoro ta zama gari, da lakwal, wato makaranta, da likita da motoci, inda magariyar take gidan siminti ne, rijiyar an cike ta tun tuni. Jikokina kowa da salula a hannu, in ransu ya ɓaci kafin su haɗiye yawu maganar ta kai Maraɗi, ba mai rami da zai sauka ya ji ta da kunnensa tukuna. Ba na yi musu faɗa sosai, don na san wadda ta fara. Igiyoyin Kaka gara ta cinye su, da baitocin da ke cikinsu, sai wannan guda da na ɓoye a cikin kwallata. Bara a wajen wani suna na ji wata yarinya tana rarrashin goyonta da "Ayye Bawa, jar hula," ba ta san Bawa ba, ba ta san tiya ba. Na kira ta na ce akwai saura, ta zauna in koya mata. Ta saurara da ladabi har na gama, ta ce na farkon ya fi daɗin tafi, ta tashi. Ƙullin da na sata shi ya yi yawo duniya, shidan da ya sha wuya a kansu kuwa suna nan a wuyana, kuma har yau ban sami wanda zan rataya wa ba.